Gam Biyu na Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa ake komawa. Kawuna, yayan mahaifiyata, likitan haƙori a Gusau, ya rasu a farkon daminar bana, bayan wani zazzaɓi da duk muka raina. Ni tela ce a Nahuce, ba marubuciya ba. Amma na ga an riga an goge sunansa daga ƙofar shagon da ya yi aiki, wani ya zuba buhunan taki a ciki, sai na ce wallahi ba za a yi haka da ni ba.

A zaman makoki ina cikin gida, gefen matarsa, wadda muke kira Hajiya. Tun da hantsi 'yan mata suka fara shigowa, wasu daga cikin gari, wasu daga Tsafe, wasu daga Bunguɗu. Kowacce ta durƙusa, ta buɗe baki za ta ce "ya haƙuri", sai ƙarfe ya yi ƙyalli a haƙoranta. Hajiya ta daure, ta yi ta amsawa. Da abin ya ishe ta sai ta ɗaga hannu ta ce, "Don girman Allah ku rufe bakinku! Duk inda na juya shi nika gani." Sai kuma ta jawo wadda ke gabanta ta rungume, tana kuka tana ba ta haƙuri.

Wata mata daga Wanke ta jira aka shafa addu'a, sannan ta matso ta yi ƙasa da murya. "Hajiya, ki gafarce ni. To yanzu wa za ya cire ma yaran?" Kai, na ji kamar in tashi in fitar da ita waje. Mutum ko kwana biyu bai yi a kabari ba! Amma ban tashi ba, domin a bayana ɗiyata ta fari tana zaune, da irin wannan ƙarfen a bakinta, kuma tambayar nan ce ke cina tun safe.

Ga wanda bai sani ba, aikin da aka fi sanin Kawu da shi shi ne gyaran haƙoran da suka fito a karkace. Yana manna wasu ƙananan ƙarafuna a jikin kowane haƙori, ya zura siririyar waya ta cikinsu, lokaci lokaci ya ɗaure ta, a hankali haƙoran su shiga layi. Shi maɓallai yake ce wa ƙarafunan. Yakan tsokane ni ya ce, "Ni da ke sana'armu ɗaya, ɗiyar ƙanwata. Ke zare, ni gam." Kuma a kan gam ɗin nan rayuwarsa ta ƙare, don ba a zama da shi a tashi bai yi maganarsa ba. Ko a gidan suna aka zaunar da shi, kafin a raba goro ya kamo wani yana yi masa bayani.

Gam iri biyu yake aiki da su, ya kuma ba kowanne suna. Na farko Mai Riƙo. Shi wannan sai an shafa wa haƙori wani ruwa mai ci, an wanke, an busar da shi ƙarau, ko ɗigon miyau bai yarda da shi ba. Sannan a haska masa shuɗiyar fitila, nan take ya daskare. In ya kama ya kama, yaro ya daɗe maɓalli bai motsa ba. Aibinsa biyu ne a wurin Kawu. Yaron da ba ya goge baki, za ka ga farin tabo ya zagaye maɓallin, mafarin ruɓewa ke nan. Kuma ranar cirewa, in haƙorin mai rauni ne, yana iya tahowa da ɓawonsa, abin da kuwa ya ɓare daga haƙori ba ya sake tsirowa.

Na biyu Mai Sauƙi. Gari ne da ruwa, a kwaɓa su a kan ɗan gilashi, ya bushe da kansa ba fitila ba lantarki. Bai damu da ɗan miyau ba, yana kuma da wani sinadari da ke kare haƙori daga ruɓewa. Ranar cirewa ba ya gardama. Sai dai fa ba ya jiran ranar cirewar ma. Yaro ya ciji ƙashi, ko ya faki ido ya tauna rake, sai ka ji ƙat, maɓalli ya saki, dole a dawo wurin likita.

Saboda haka Kawu ya ƙulla gaba da aya, da rake, da ƙuli-ƙuli, da gasasshiyar masara. Yaro na shigowa zai ce, "Zazzage aljihunka." Akwai wani kwano a kan tagarsa da yake tara ayar da ya ƙwace. In mutane suka ragu sai ya jawo kwanon ya zauna yana ci abinsa, ƙurus ƙurus. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ai zalunci ne." Ya ce, "Ni wa ya manna min maɓalli?"

Akwai wata likita, matashiya, da ta yi koyon aiki a hannunsa kafin ta koma wani asibiti a cikin Gusau. Ita ce abokiyar gardamarsa. Ita Mai Riƙo ta yarda da shi, kuma tana da hujja. Takan ce, "Baba, duk maɓallin da ya saki aikin wata guda ya koma baya. Uwa ta bar sana'arta ta kawo yaro, yaro ya bar makaranta. Ka koya masu goge baki, ka cire a hankali, ba abin da zai faru." Shi kuma ya ce, "Na ji, ɗiyata. Amma ni in maɓalli ya faɗi ina da wani. In haƙori ya ɓare, ina zan samo?" Ba wanda ya taɓa kayar da wani. Ta tafi tana dariya, shi ya bi ta har bakin ƙofa yana ƙarasa magana.

A da, yawancin yara Mai Sauƙi yake sa musu. Abin da ya canja shi wata yarinya ce daga Bilbis. Na gan ta sau ɗaya, baƙa doguwa mai yawan kunya. Maɓallinta ya saki, wayar tana sukan ta a kumatu, yayarta ta ɗauko ta za su zo Gusau a gyara. Mutanen daji suka tare motarsu a hanya. Daga baya wasu sun dawo, har da yayar. Ita yarinyar ba a sake jin labarinta ba.

Ba wanda ya ɗora wa Kawu laifi, ko da wasa. Mahaifin yarinyar ma ya zo gaisuwar rasuwarsa, maigidana ya ce ya gan shi zaune a ƙarshen tabarma yana ta share ido da hularsa, yana cewa likita ya fi wasu danginsa zuwa duba shi. Amma shi Kawu bai saki kansa ba. Ba ya zancen da kowa sai jefi-jefi, a inda ba ka zata ba. Wata rana muna cin abinci da rana tsaka, ya ajiye cokali ya ce, "Yanzu wayar nan ta gama aikinta tuni. Ya kamata a ce an sauya ta." Hajiya ta ce, "Wace waya?" Ya ce, "Ta Bilbis. In tana raye, wa ke ce mata ta goge? Tana can da maɓallaina a baki." Ya tashi ya wanke hannu, bai ƙara loma ba.

Tun daga nan, kafin ya ce buɗe baki, tambayarsa ta farko ita ce, "Ina ne gidanku?" In ka ce Tudun Wada ko Sabon Gari, a cikin Gusau, sai ya jawo gilashinsa ya kwaɓa Mai Sauƙi. In ka ce Tsafe, ko wani ƙauye a bayan Bunguɗu, sai ya kunna shuɗiyar fitila, yana yi yana guna-guni. Ya zaɓi wayar da za ta daɗe tana ja, ya ce kada a dawo sai ya aika. Mutane suna mamakin likitan da ke duba hanya kafin ya duba haƙori. Shi ko a jikinsa.

Yanzu ga ɗiyata. Ba zan faɗi sunanta ba, ta fari ce. Haƙoranta sun fito a cunkushe, fiƙarta ta sama ta hagu ta tsiro can bisa dasashi, a waje da sauran, har leɓenta ba ya rufuwa daidai. 'Yan ajinsu suka sa mata suna, sunan da ba zan maimaita ba, Allah Ya shirye su. Yarinyar da ke da surutu ta koma ba ta amsa tambaya a aji. Ga kuma wani abu: ruwan rijiyar da muka daɗe muna sha ya ɓata mata haƙora, suka yi dabbare-dabbare, wani wurin fari fat kamar alli, mai saurin ɓarewa.

Na kai ta wurin Kawu. Da yake kakanta ne, wasa suke yi, yana ce mata uwargida, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Ranar bai yi wasa ba. Ya daɗe yana duba bakinta, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can. Sai na ga ya miƙa hannu wajen gilashi.

Na ce, "Kawu, mi kake yi? A Nahuce muke fa."

Ya ce, "Na san inda na aurar da ke."

"To ka sa mata Mai Riƙo mana, kamar 'ya'yan kowa."

"Haƙoranta ba za su ɗauka ba. Ranar cirewa zai taho da gabansu."

Nan fa raina ya ɓaci. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na ce, "Haƙori ko rai? In ya saki in ɗauko ta mu hau hanya, ko? Ba ka ji wanda aka tare ba makon jiya? Ko so kake a sake irin ta Bilbis a gidanka?" Kalmar na fita na ga fuskarsa ta sauya. Ya ajiye ɗan cokalin kwaɓawa a hankali. Ɗiyata tana kwance a kujera, baki cike da auduga, idanunta suna zuwa kaina suna komawa kansa.

Ya ce, "Kin gama?"

Na kawar da kai gefe.

Ya ce, "Ƙafarta ba za ta taka hanya ba saboda maɓallina. Wannan gam ɗin ba ya son lantarki. Ni zan riƙa zuwa."

Kuma ya zo. Tsoho mai ciwon gwiwa, ya matsu a motar kasuwa tsakanin buhuna da kaji, da 'yar jakarsa a cinya. Hajiya ta yi faɗa, 'ya'yansa suka yi ta kira daga Kaduna suna roƙonsa, ya ce musu nonon Nahuce yake zuwa sha. A ɗakin ɗinkina yake aikin. In ɗauke kan keken ɗinki, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin, ya jera kayansa da ya dafa tun daga gida. Ɗiyata ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta jingina kai da gwiwarsa. Yana kwaɓawa yana mita. "Uwargida, wannan ba aikin tuwo ba ne. Mi kika ci?" Ta ce, "Wallahi tsoho, ban ci komai ba." Ya ce, "To aljani ne ya bar min ɓawon aya a nan?"

Duk ranar da zai zo, tun safe nake leƙen hanya har sai na ji sallamarsa. In ya tafi kuma ba na iya zura zare a allura sai Hajiya ta kira ta ce ya iso. Sau ɗaya suka iske an tare gaba, direba ya juya da su, suka fake a wani ƙauye har rana ta yi sanyi. Da ya zo daga baya bai ko ambata ba, a bakin direban na ji. Na ce, "Kawu, ka bari haka nan, na yafe gyaran." Ya ce, "Ke kika yafe. Ita kin tambaye ta?" Ya nuna min fiƙar, ta fara saukowa. Murna yake yi kamar wanda geronsa ya tsiro.

Hanyar da muke tsoro ba ta taɓa shi ba. A kan gadonsa ya cika, da rana, Hajiya tana yi masa fifita.

Abin da ban shirya masa ba shi ne wayar. Ashe ita ba ta san ya mutu ba. Zuwansa na ƙarshe ya ɗaure ta, ta kuwa ci gaba da ja. Bayan mun dawo daga makoki, ɗiyata ta zo ta tsaya a kaina ina ɗinki, ta ce, "Inna, haƙorana suna tsami, irin na ranar da yake ɗaurewa." Na ce ta buɗe. Fiƙar ta ƙara saukowa, da idona na gani. Mutum yana ƙarƙashin ƙasa a Gusau, hannunsa yana aiki a bakin ɗiyata a Nahuce. Na yi kwanaki ba na son ta yi dariya a gabana, kuma ba na son ta daina.

Sannan tsamin ya tsaya. Ba a daɗe ba maɓalli ɗaya na ƙasa ya saki, wayar ta zame tana yankan ta a kumatu. Na liƙa mata kakin zuma kamar yadda ya koya min, ya yi kwana biyu ya faɗi, wurin ya zama gyambo. Ba yadda zan yi. Maigidana ya bincika ya ce hanya da sauƙi, muka bi ayarin motocin safe. Ban saki hannunta ba har muka ga gidajen Gusau.

Likitar nan abokiyar gardamarsa ita ta karɓi yaran da ya bari. Ta duba ɗiyata, ta yanke wayar da ke sukan ta, sannan ta zauna ta fuskance ni. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce, "Yaya, aikin ya yi nisa amma da saura, fiƙar ba ta ƙarasa shiga layi ba. In za a ci gaba da gam ɗin Baba, sai kin riƙa kawo ta, duk wata, da duk ranar da ya saki. Ni ba zan iya zuwa Nahuce ba, ina da goyo, ga aikin asibiti. In sauya mata da nawa kuwa, zuwan zai ragu, amma a kan waɗannan haƙoran ba zan yi ba. A nan kam Baba ya fi ni gaskiya. Ko kuma in cire duka yau, in yi mata robar da za ta riƙe su inda suka tsaya."

Ɗiyata ta tashi zaune. "Inna, a ci gaba. Saura kaɗan fa. Ni ba na tsoron hanya."

Na ce, "Ni ina tsoro."

"Shi ai ya yi ta zuwa!"

"Ya yi ta zuwa don kada ke ki zo."

Ta fashe da kuka, tana cewa duk wahalarsa za ta tashi a banza, tana cewa ni ce zan ɓata masa aiki. Wallahi maganar ta shige ni, har yau ina jin ta. Na dubi likitar na ce, "Cire."

Ta ɗauko filaya. Ina tsaye na dafe bango, ina jiran in ji ƙarar ɓarewa. Ta kama na farko, ta ɗan matsa, ƙat, ya faɗo a tafin hannunta. Na biyu haka. Tana cirewa tana gogewa tana kallo, can na ga ta tsaya ta ɗaga gilashin idonta ta share da bayan hannu. Ta ce, "Ko ƙwarzane babu, Yaya. Zo ki gani." Ban iya matsawa ba.

Da ta zo kan fiƙar, na ƙarshe ke nan, ɗiyata ta riƙe mata hannu. Ta ce, "Bar min wannan."

Likitar ta ce, "Ba waya, ba abin da zai ja. Ba ya aikin komai."

"Na sani."

Likitar ta dube ni. Na ce, "Zai cutar da ita?" Ta ce, "In tana gogewa, a'a. Zan yanke masa wuri a jikin robar. Da kansa zai saki." Na ce a bar mata. A mota ɗiyata ba ta yi min magana ba, ta juya fuskarta wajen taga har muka iso gida lafiya.

Haka ta yi ta yawo da maɓalli ɗaya tak, har aka yi girbi. Tana goge shi safe da yamma da wata irin kulawa da ba ta taɓa yi ba lokacin da yake raye yana mita. Maganarmu ta dawo kaɗan kaɗan, ta buƙata kawai, miƙo min almakashi, an kira salla. Ban matsa mata ba.

Wata la'asar muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ƙanenta ya zame a laka ya zauna daɓas, ta ƙyalƙyale da dariya. Sai na ga babu shi. Na ce, "Ke, ina maɓallin?"

Ta rufe bakinta, ta sunkuyar da kai tana juya gyaɗa a faranti. Can ta ce, "Ya saki tun shekaranjiya. Ina alwala na ji shi a kan harshena." Ta ɗago ta dube ni, idanunta sun kawo ruwa. "Inna, ko kaɗan ban ji zafi ba."

Na ce ta buɗe in gani. Fiƙar tana nan a ɗan karkace, daidai inda ya tsaya, kuma haka za ta zauna. Na sa yatsa na shafa ta, santsi, lafiyarta ƙalau. Sai a ranar na yi masa kukan da ban yi ba a gidan makoki, ɗiyata tana riƙe da ni.

Ya Allah, ga Kawu nan ya zo wurinKa. Ka yi masa sauƙi, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa abin da ya ɗora wa kansa. Yarinyar Bilbis kuma, inda duk take, Kai Ka san wurin.